Ranar Da Wayar Mama Celina Ta Yi Shiru

Shafi na 31

Masu cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri, yau dai mun isa Kakau.

Ranar Litinin ce, ƙarshen watan Oktoba. Ruwa da iskar da aka yi jiya Lahadi, wanda kowa ke cewa shi ne na bankwana, ya bar gari a jiƙe, hadarin ma bai gama watsewa ba. Ina tsaye a ƙofar ofishinmu a Narayi, ƙofar a kulle, sai ga motar maigidana Oga Sylvanus ta tsaya a gabana. Ko kashe ta bai yi ba.

"Zakari, shigo."

"Oga ina kwana. Ba za mu buɗe ofis ba? Bari in ɗauko kwamfuta."

"Bar kwamfuta. Shigo kawai."

Na shiga. Idonsa ja wur, rigarsa ma a birkice ya sa maɓallanta. Sai da muka hau babban titi ya buɗe baki.

"Ƙwan Mama Celina sun tafi."

"Sun tafi ina?"

"Sun mutu, Zakari! Inji uku. Iska ta kayar da turken wuta jiya da safe, suna coci dukansu. Bikin godiyar girbi ake yi, ba su dawo ba sai yamma."



Mu biyu ne kamfanin namu, ni da shi. Ɗan akwati muke haɗawa, a manna shi a jikin injin ƙyanƙyasar ƙwai. In wuta ta ɗauke, akwatin yana da batirinsa, sai ya sanar da manhajarmu, ita kuma ta kira wayar mai gona da murya don a zo a tayar da janareta. Aikinmu ke nan gaba ɗaya. Kira ɗaya.

"Ba ta ji kiran ba ne?" na tambaya.

"Ba a kira ta ba."

"Ba zai yiwu ba."

"Ya yiwu. Bot ɗinka ya taɓa wani abu."

Na zaro wayata.

Manhaja ba mutum ɗaya ke rubuta ta duka ba. Akwai guntaye da wasu can suka rubuta suka saki kyauta, mu muna ce musu fakiti, kowa ya ɗauko ya jona a tasa. Masu su kuma kullum cikin fitar da sabo suke, in ka zauna a kan tsoho wata rana ya tsaya maka. Da can da hannu muke bi muna sauyawa, muna mantawa. Shi ya sa na kafa bot. Duk mako ya duba in sabon fakiti ya fito, ya ɗauko, ya yi wa manhajar gwaje-gwaje. In duka sun wuce, ya nuna kore, ya saka sabon da kansa. In ɗaya ya faɗi, ya nuna ja, ya tsaya ya jira ni.

Ga shi nan a wayata. Jiya Lahadi da safe bot ya sauya fakitin da ke buga kira. Na karanta bayanin masu shi. Sabon ba ya karɓar lambar da ta fara da sifili, sai wadda ta fara da lambar ƙasa. Lambobin mutanenmu kuwa duk da sifili muka saka su.

A ƙasa kuma, alamar kore.

"Oga, wannan ai dole ya yi ja. Akwai gwajin da ke kiran wayar Mama da gaske. In kiran bai shiga ba bot ba zai wuce ba. Yaya aka yi ya yi kore?"

"Ajiye wayar nan."

"Bari in buɗe in ga gwajin ɗaya bayan ɗaya..."

"Na ce ka ajiye! Yanzu lokacin bincike ne?"

Na kife ta a cinyata. Muka wuce wata tirela da ta faɗa kwalbati, mutane sun taru suna kallo. Ya rage gudu, ya rage murya.

"Ji nan. In mun isa, kai za ka yi magana. Ka ce bot ɗinka ne ya yi kuskure, ka ba ta haƙuri, ka durƙusa in ta kama. Shi ke nan."

"Ni kaɗai?"

"Wa ya kafa shi? Ni na ce maka a bar abu yadda yake, ka ce a'a, zamani ya wuce nan."

"Kai ma ka ji daɗinsa, Oga. Har abokanka ka nuna wa."

"Zakari, abeg, don Allah. Watan gobe iyayena za su je gidan matar nan gaisuwar neman auren 'yarta Rebecca. Ka gane? Kai in ta zage ka, ka koma gida Makera ka ci tuwonka ka kwanta. Ni fa? Surukata ce."



Shi yana da digiri a jingine a bangon ofis. Ni a aji huɗu na bar sakandare, a shagon gyaran waya na koyi abin da na koya. Ba ni da takardar da zan nuna wa kowa. Abin da nake da shi, in an ce Zakari a gaban masu kiwon kaji, su ce yaron nan ya iya. Mama Celina kuwa ita ce shugabar ƙungiyarsu. In ta ɗaga sunana a taro ta ce ni na kashe mata ƙwai, daga Kakau har Rido babu gonar da za a sake buɗe mini ƙofa.

Da muka isa Kakau, tun daga bakin gonar wari ya tare mu.

Baba Albert, dattijon da ke kula da injinan, ya fito da tire-tiren ƙwai ya jere su a ƙasa. Yana ɗauka, ya kara a kunne, ya fasa, ya jefa a baro. Na leƙa, na yi da-na-sanin leƙawa. 'Yan tsaki ne cikakku, da gashinsu da bakinsu, a naɗe. Kwana kaɗan ya rage su fito.

"Sanyi ne ya kama su, Baba?"

"Wane sanyi? Zafi. In sun kai haka su ma zafi suke fitarwa. Fanka ta tsaya, ƙofa a rufe, suka dafa junansu."

Mama Celina na zaune a benci a gindin mangwaro. Zanen zumuntar matan coci na jiya ne a jikinta, ba ta sauya ba. 'Yarta Rebecca na tsaye a bayanta riƙe da kofin shayi da ba a taɓa ba. Rebecca ce ta kawo mu gonar nan tun farko. Ta karanci kwamfuta a makaranta, ita ta lallashi uwarta ta yarda da akwatinmu.

Oga ya zube a ƙasa. "Mama, sannu. Sannu Mama."

"Tashi, ɗana, za ka ɓata wando."

Ni ma na durƙusa. "Mama ina kwana. Allah ya mayar da alheri."

Ba ta ce in tashi ba.

"Kai ne Zakarin ko? Kai ne mai muryar?"

"Ni ne, Mama."

Muryata ce muka naɗa a kiran. Ita ce ke cewa, Mama wuta ta ɗauke, Mama wuta ta ɗauke.

"To jiya ina muryar taka ta shiga? Ga wayar nan." Ta ɗaga ta. "A cinyata take tun safe har aka tashi. Har rawa na yi da ita a hannu lokacin ba da baiko a coci. Ina can ina gode wa Ubangiji, ashe nan 'ya'yana na dahuwa."

"Mama..."

"Ka san na waye waɗannan? Na matan da suka rubuta suna a wurina tun watan jiya. Kowace ta share keji tana jira ta yi kiwon Kirsimeti. Wata kuɗin makarantar yaranta ke nan. Yanzu in na sake zuba wasu ƙwan, yaushe za su fito, yaushe za su girma? Sai Janairu? Wa ke sayen kaza a Janairu?"

Oga ya kalle ni. Kallon nan na fara mana.

Na ce, "Mama, akwai wani abu da na kafa, yana sabunta manhajar da kansa. Jiya ya sauya wani ɓangare, shi ne..."

"Da kansa? Ba mutum a wurin?"

"Yana gwadawa kafin ya sauya."

"Ji min yaro! Ni ko gishiri ba na barin wani ya zuba mini a miya ba na tsaye. Kai ka bar inji yana taɓa abin da ke gadin dukiyata, kana ina?"

"Ina gida, Mama."

"Kana gida." Ta juya ga Rebecca. "Kin ji ko? Yana gida."

Rebecca ta ce, "Mama ki sha shayin."

"Ba na sha. Ni tun farko na san aikin yaron nan da gyara. Shi ne fa ya mayar da ni abin dariya a coci."

Na ɗago kai. "A coci, Mama?"

"Au, ba a gaya maka ba? Kowace Lahadi, Fasto na tsakiyar wa'azi, sai wayata ta ɗauka, Mama wuta ta ɗauke! Mama wuta ta ɗauke! Ran farko da gudu na fita, ɗankwalina ya faɗi, na zo na tarar da wuta lafiya lau. Wai gwaji ne. Sati na gaba haka. Na gaba haka. Har Fasto ya tsaya ya ce, Mama Celina, in ta wannan duniyar ta ɗauke, ta sama tana nan. Coci ya fashe da dariya. Yara har yanzu in na wuce sai su ce ga Mama Wuta."

Baba Albert ya yi wani tari daga can.

"Ba zan iya kashe wayar ba, don kada ta gaske ta zo. Shi ne na kira wannan bawan Allah." Ta dafa kafaɗar Oga. "Sau ɗaya na faɗa masa. Na ce Sylvanus, ka raba ni da kunyar nan. Ya ce Mama an gama. Tun daga ranar ban sake jin ta ba. Ka ga mai hankali. Shi yana gyara, kai kana ɓatawa."



Oga yana kallon ƙasa. Rebecca ta sauke kofin a hankali ta ajiye a kan bencin.

Na zaro wayata. Wannan karon Oga bai hana ni ba. Na buɗe gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya, kore, kore, kore, har na zo kan na kiran waya. Shi ba kore ba ne, ba ja ba ne. Toka-toka ne. An sa masa alamar a tsallake. Bot ya zo kansa ya tsallake, ya ga saura lafiya, ya wuce abinsa.

Na miƙe tsaye ba tare da an ce in tashi ba.

"Oga, kai ka kashe gwajin?"

"Zakari, ba a nan ba."

"A ina to? Kai ka kashe shi?"

"Za mu yi magana a ofis."

"Ofishin da ka kulle don kada in buɗe kwamfuta?"

Mama ta dube ni, ta dube shi. "Me ake kashewa kuma? Ku yi mini Hausar da zan gane."

Na juya gare ta. 

"Mama, kiran nan da ke damun ki a coci, shi ne mai gadin. Duk ranar da abin nan da na kafa zai sauya wani abu, sai ya kira ki ya tabbatar kira na shiga. In bai shiga ba, ba zai sauya komai ba. Da yana nan jiya, da ba a sauya komai ba, da tsohuwar manhajar na aiki, da an kira ki lokacin da wuta ta ɗauke. Shi Oga ya cire."

"Ƙarya kake!" Oga ya miƙe. "Ba cirewa na yi ba, dakatarwa na yi. Na ce zan sayi wani layi in mayar da gwajin kansa."

"Ka saya?"

"Kai ka san aikin da ke kaina?"

"Me ya hana ka gaya mini? Minti biyu zan mayar da shi kan wayata."

"In gaya maka? Kai da in an taɓa maka abu sai ka yi kwana uku kana kumbura?" Ya matso har ina jin numfashinsa. "Tunda tonawa kake so, mu tona. Wa ya ce abin ya riƙa aiki ranar Lahadi da safe? A duk kwanakin mako? Ko ka tambayi wani?"

"Ranar ce ba kowa a ofis..."

"Ba kowa a ofis don muna ina? Muna coci, malam! Kai a wurinka Lahadi ranar barci ce. Da Juma'a da azahar na sa wayar babanka ta riƙa ihu a sahun gaba, me za ka ce?"

"Da zan zo in same ka in faɗa maka. Ba zan lallaɓa in cire a ɓoye ba."

"Ni ne mai kamfani!"

"To mai kamfani ya faɗa mata da bakinsa!"

"Kai! Ya ishe ku!" Mama ta buga hannu a benci, kofin ya kife. "A gonata? A kan gawar kajina za ku yi mini dambe?"

Muka ja da baya. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙwan da Baba Albert ke fasawa.

Mama ta daɗe tana kallon Oga. Fuskarta ta sauya, kamar tana son tambayarsa wani abu tana tsoron amsar. Sai ta juya baya.

"Rebecca."

"Na'am, Mama."

"Zo nan gabana."

Ta zagayo ta tsaya.

"Ni ban san kore ba, ban san toka ba. Ke na biya wa makaranta. Ke kika kawo mini su. Jibi Laraba akwai taron ƙungiya, matan nan za su tambaye ni, kuma akwai masu akwatin nan a gonakinsu da ni na ce su saka. Ba zan tsaya in ce musu inji ne ba. Inji ba ya zuwa taro. Suna zan faɗa. Kin ji bakin wannan, kin ji na wannan. Wane ne?"

"Mama, abin ba haka yake ba, kowa da..."

"Ban tambaye ki kowa ba. Wane ne?"

Na miƙa wa Rebecca wayata. "Anti, ki duba da idonki. Ga shi nan. Ke kin san me wannan alamar ke nufi."

Ta karɓa. Ta duba. Na ga yatsanta ya tsaya daidai kan layin. Ta gane, wallahi ta gane, na gani a fuskarta.

Oga ya ce a hankali, "Beki."

Sunan kawai ya kira.

Ta miƙo mini wayar ba ta kalle ni ba.

"Bot ɗin ne, Mama. Shi ya sauya abin."

"Na waye?"

"Na Zakari."

"Anti Rebecca!" na ce. "Ki ji tsoron Allah!"

"Ƙarya na yi? Ba shi ya sauya ba?" Hawaye ne ke zubo mata, amma muryarta ba ta karye ba. "Ba kai ka kafa shi ba?"

Mama ta sauke numfashi mai tsawo. Ta sa hannu ta jawo Oga ya zauna kusa da ita a bencin.

"Zakari kake ko? Zakari wa?"

"Zakariyya'u, Mama."

"Na riƙe. Fita mini daga gona."

Na kalli Oga. Ko a mota zai ce in jira shi. Yana goge shayin da ya zube a bencin da hankicinsa, bai ɗago ba.

Na juya. Na bi ta gefen tire-tiren, na wuce baron, na fita. Laka ta kama mini takalmi, sai da na tsaya na zare ƙafa. Daga nan zuwa titin Abuja inda zan sami mota akwai 'yar tafiya.

Ban yi nisa ba wayata ta fara ƙara a hannuna.

Rebecca.

Na waiwaya. Ta ramin katanga na hango ta. Ta zagaya bayan ɗakin injinan inda uwarta ba za ta gan ta ba, waya a kunne, ɗaya hannun tana yi mini alama in ɗauka, in ɗauka. Ta waiga baya, ta sake yi mini alamar da sauri.

Na ɗora yatsana a kan wayar.

Daga cikin gonar na ji Baba Albert ya ɗaga murya.

"Madam, na gama. Inji na farko, dubu ɗaya da ɗari biyu, babu ko ɗaya. Na biyu, dubu ɗaya da ɗari biyu, babu ko ɗaya. Na uku, ɗari takwas ne, tara na samu da rai. Biyu sun mutu yanzu a hannuna. Saura bakwai."